A Sauke Hoton Yayana Daga Bakin Tasha

Zuwa ga Alhaji, shugaban gidauniyar da ta raba shinkafa a garinmu a daminar da ta wuce.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu yi maka aiki. Ban rubuta sunanka ba, amma ba tsoro ne ya hana ni ba. Ka san kanka, mutanen Gwaram ma sun san ka.

Sunana Rabi, daga mazaɓar Zandam. Ni ce uwar ƙungiyar matan da ke tara hatsi da kaka, su kai wa mabuƙata idan damina ta yi tsakiya, rumbuna suka ƙare. Na aika maka saƙo ta hannun wakilinka, ban ji amsa ba. Na hau mota na je ofishinka a Birnin Kudu, na wuni a kan benci, aka ce ka yi tafiya. Shi ya sa na zo da maganar fili.

Na farko, bari in gaya maka yadda muke aikinmu, don na lura ba ka taɓa tambaya ba.

Ba mu da ofis, ba mu da albashi. Idan an yi girbi, mu mata mu bi gida gida. Wani ya ba da damin gero, wani na dawa, wata ta ɗebo kwano guda na masara daga abin da ta samu a kala. Makiyayan da ke zaune a gefen gari su ma suna kawo nasu, wani lokacin har da man shanu. Mu za mu yi sussuka, mu sheƙe, mu zuba a buhu. Idan yunwa ta shigo, mun san gidan da hayaƙi ya daina tashi. Sai ɗayanmu ta zuba hatsi a kwano, ta rufe da faifai, ta sa hijabi, ta tafi kamar mai zuwa barka ko dubiya. Ta yi sallama, a gaisa, a taɓa hira, ta ajiye kwanon a bayan ƙyaure ta fito. Ko maƙwabci ba ya sani. Akwai gidajen da muka shiga da kwano shekarun baya, yau 'ya'yansu manya ne a birni. Har in koma ga Allah ba wanda zai ji sunan gida ɗaya daga bakina. Wannan rufin asirin shi ne duk jarinmu.

Na biyu, abin da yaranka suka yi.

Bara ruwa ya yi ɓarna, gonakin fadama da yawa suka nutse. Abin da muka tara bai kai ko'ina ba. Ana cikin haka wakilinka ya zo gidana da albishir, ya ce Alhaji zai kawo shinkafa, ya kuma ara mana shagonsa na bakin hanya mu riƙa ajiya. Na yi murna, na yi maka addu'a. Na ce a sauke mana buhunan, mu za mu shigar da su gidaje yadda muka saba. Ya ce a'a, kayan suna da nauyi, gara kowa ya zo filin makaranta ya ɗauki nasa. Na tambaye shi a gaban matan ƙungiya, "Ba dai hoto za a yi ba?" Ya ce, "Haba Inna, wane irin hoto? Sadaka ce tsakanin Alhaji da Ubangijinsa."

Da wannan alkawarin muka shiga gidaje muna lallashin mutane. Wasu sun ce ba za su fito ba, muka rantse musu. Sun fito ne don mu, Alhaji, ba don kai ba.

Da muka isa filin, sai ga rumfuna da kujeru da lasifika. Aka jera mutane a rana, aka hana kowa taɓa buhu sai kai da baƙinka kun iso. Da kuka iso, samari masu kyamara suka zagaye mu. Duk wanda aka miƙa wa buhu sai a ce ya tsaya, ya ɗaga kai, ya yi murmushi. Na je na riƙe hannun wakilinka na tuna masa maganarsa. Ya zame hannunsa ya ce, "Inna ki koma gefe, kina shiga hoto."

Na uku, kuma shi ne ya sa na kasa barci, maganar yayana.

Ba zan faɗi sunansa ba. Fuskarsa kun riga kun nuna wa duniya, sunan kam ba zan ƙara muku ba. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya gyaɗa kai. Dattijo ne, manomi, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tun da muka kafa ƙungiyar nan, babu kakar da bai aiko mana da dami ba, kuma nasa ne yakan fara isowa. Bara ruwa ya cinye gonarsa tas, ga jikoki marayu a gabansa. Ni na je na durƙusa na ce, "Yaya, kai ma yau ka karɓa, ba abin kunya ba ne, ba wanda zai ɗauke ka hoto." Da ƙyar ya ce, "To Rabi, don yaran nan."

Bayan 'yan makonni ya shiga kasuwar Gwaram sayar da akuya. Yana sauka daga mota a bakin tasha, ya ɗaga kai, sai ya ga kansa. Ƙaton allo ne, ya fi ƙofar zaure girma. Ga shi nan ya sunkuya da buhu a hannu, hularsa ta karkace, ga ka a tsaye kana dafa kafaɗarsa kana dariya. A ƙasa an rubuta kai ne gatan marasa gata. Wani yaron mota ya dube shi, ya dubi allon, ya ce da ƙarfi, "Kai, ga Baban shinkafa!" Mutane suka juyo.

Bai sayar da akuyar ba. Ya ja ta ya koma motar da ta kawo shi. Tun daga ranar bai sake taka kasuwa ba. Mutumin da yake zama a sahun gaba ranar Juma'a, yanzu sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fice. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida. Da na kai masa kwanon gero, ya ce in mayar, ya gode. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara. Da na yi sallama a gidanta da kwano, ta tare ni a soro ta ce, "Inna Rabi, ki yi haƙuri, mun ƙoshi." Ina jin kukan ƙaraminta daga ciki. Na san ba su ƙoshi ba. Tsoron allo take ji. Ƙofofin da muka yi shekaru muna samun shiga, a wuni ɗaya kuka rufe mana su.

Na huɗu. Makon jiya wakilinka ya dawo. Ya ce za a sake rabo, mu tara mutane kamar wancan karon. Na ce ba za mu tara ba. Ya ce to mu fitar da kayanmu daga shagon Alhaji, kuma zai ga yadda ƙungiyar da ba ta da rajista za ta ci gaba da yawo gidajen mutane.

Ina sanar da kai mun fitar. A ka muka ɗauko buhunan, mun share shagon, makullin yana wajen mai unguwa. Mazajenmu da 'ya'yanmu sun yi gayya sun gina mana rumbu a bayan gidana. Maganar rajista kuwa, idan hukuma ta ce mu yi, za mu yi, ba mu fi ƙarfin doka ba. Amma ban san dokar da ta hana mace kai wa maƙwabciyarta kwanon dawa ba. Idan akwai ta, a zo a fara kamawa daga kaina.

Ban ce shinkafarka ba ta yi amfani ba. An ci, yara sun ƙoshi, Allah ya ba ka ladan niyyarka. Amma ba mu sayar maka da fuskar kowa ba, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda.

Ga buƙatuna. A sauke allon nan na bakin tasha, da duk wani irinsa da aka kafa a hanyar Birnin Kudu. A goge hotunan mutanenmu da yaranka suka watsa a waya. Sannan ka zo da kanka, ba wakili, ba mai kyamara, ka yi sallama a ƙofar yayana ka ba shi haƙuri. Ya girme ka, kuma ya ciyar da mutane tun kafin ka san kana da abin bayarwa. Idan har yanzu kana son taimakawa, ƙofarmu a buɗe take: a sauke kaya a rumbu, a juya a tafi, mu mun san inda za mu kai. Idan sai da hoto, ka riƙe abinka.

Idan kuma ranar kasuwa mai zuwa ta yi allon yana nan, ni da matan ƙungiya za mu zo tasha da rana tsaka. Mun riga mun ari tsani. Ba za mu yi zagi ba, ba za mu fasa komai ba. Za mu kwance hoton, mu naɗe shi, mu kai maka har ofis. Ka gaya wa masu kyamararka su zo da wuri, wannan karon mun yarda a ɗauka.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya shirya maka zuri'a, ya rufa maka asiri duniya da lahira, kada ya nuna maka ranar da za ka ga kanka a inda yayana ya ga kansa.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Rabi,
uwar ƙungiyar mata masu tara hatsi,
mazaɓar Zandam, Gwaram.