Kunyar 'Yar Fari Ta Mayar da Mu Ƙarshen Layi

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban makarantar firamare mai ajin Turanci zalla da ke unguwarmu ta Al-Suwaidi, Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa ranka ya daɗe barka da aiki, musamman aikin tsare ƙofa, wanda na shaida kun ƙware a kansa.

Ni direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, mutumin Zariya, uban wata yarinya da ke jiran gurbi a ajinku na ɗaya, inda ake koyar da komai da Turanci. A garin nan aka haife ta. Larabci a bakinta kamar 'yar gari, amma Turanci ko zo in kashe ki ba ta ji. Zamana a nan kuwa a hannun kafili yake, wato ubangidan da ya tsaya mini. Ranar da ya ƙi sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, sai gida, inda ba a yi wa yaro jarrabawar lissafi da Larabci. Ku kuma kun ce daga aji ɗaya kawai ake shiga wannan tsari, wanda ya rasa bana ya rasa ke nan.

Ƙorafina biyu ne. Na farko, layin jiranku. Da muka kawo takardu, an ce muna kusa da gaba. Tun daga ranar muke cigaban mai haƙan rijiya. Ƙannen ɗalibai suka wuce mu, muka ce madalla. 'Ya'yan ma'aikata suka wuce, muka ce Allah ya ba da sa'a. Duk sanda na kira ofishinku sai a ce mini bukra insha Allah, wato gobe. Gashin kaina ya fara fari, bukrar nan ba ta waye ba.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, ganawar da kuka yi da iyaye. Ranar ina bakin aiki, maiɗakina ce ta je. Malamarku ta tambaye ta sunan yarinya, ta sunkuyar da kai ta nuna mata takarda. Aka ce ta lissafa kyawawan halayen 'yarta, ta ce ba laifi, tana dai ƙoƙari. Shi ke nan fa laifin. Sai ga saƙo a waya wai iyali ba su nuna damuwa da karatun yarinya ba, an mayar da mu can ƙarshen layi.

Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. A wurinmu mace mai kunya ba ta kama sunan 'yar farinta, balle sunan surukarta, kuma ba ta zama gaban baƙi tana yabon abin da ta haifa. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Tambaya guda ta isa ta warware muku wannan, amma makarantar da ke alfahari da koyar da harshen wasu ba ta iya tambayar al'adar maƙwabcinta ba.

Matar da kuka ce ba ta damu ba, ita ce ta koyi baƙaƙen Turanci a waya don ta biya wa yarinyar. Ita ta yi ta safa da marwa zuwa ofishinku cikin ranar Riyad mai narka takalmi. Da na san kirari kuke auna wa maki, wallahi da na ɗauko maroƙi daga Zariya ya cika muku ofis. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ku mayar da yarinyar matsayinta na farko, ku gwada ta ita kanta, tunda ita za ta zauna a ajin. Sannan ku faɗa mana gaskiya ko akwai gurbi, tun kafin sauran makarantu su rufe ƙofa.

In kuma kun dage sai an sake ganawa, to ku kira. Jiya na tarar da maiɗakina a kicin ita kaɗai, tana maimaita sunan yarinyar a hankali. Da ta gan ni sai ta ce, "In sun kira, zan faɗa." Za ta faɗa muku, ranka ya daɗe. Ina so dai ku san abin da kuka karɓa a wurinta kafin ku ba 'yarta kujera.

Allah ya ƙara wa Mudir lafiya da basira, ya sa kada 'ya'yansa su taɓa tsayawa a layin da ke tafiya da baya.

Wassalam.

Naku, uban yarinyar da sunanta ke cikin takardunku,
Al-Suwaidi, Riyad.