Zuwa ga Yaya Haruna, a Kan Kunnen Kabiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya Haruna, bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk mutanen bakin ruwa na Yawuri. Ni ma lafiya lau nake a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, sai zafi da ciwon ƙafa na yawon kasuwa.

Na san za ka ɓata rai ganin na kawo maganar gida bainar jama'a, amma kai ka ja. Na turo dogon saƙo ta wayar gida, yara suka nuna maka, ka karanta, ka ce a rubuto mini "a'a". Ko gaisuwa babu. Kiran waya kuwa ya daina yi mana amfani tun da kunnenka ya tafi. To ga shi na rubuta a inda abokanka masu jirgi za su gani. Ko ka ƙi karantawa, za su biyo ka har gindin mangwaro su yi maka bayani da hannu.

Maganar Kabiru ce, ɗanka na fari, wanda ka miƙa wa jirgin fito. Shi ma kunnensa ya fara tafiya. Roƙona shi ne ka yarda a sauke masa injin dizal ɗin nan, a sa masa mai aiki da batir.

Kada ka zaci na manta alherin injin. Ina yarinya ka kawo shi, irin na injin niƙa, kuka yini kuna ɗaure shi a cikin jirgin da Baba ya tsufa yana tuƙawa da gora da filafili. Da ka ja hannunsa sai ya yi tari, ya sake yin tari, sannan ya ɓarke da ƙara, kaji suka watse. Nan take aka raɗa masa suna Mai Gyaran Murya. Inna ta toshe kunne da gefen mayafinta ta ce, "Haruna, wannan abu naka ko aljanun ruwa sai sun yi ƙaura."

Shi ya riƙa kai albasar mutane kasuwa kafin ta ruɓe. Shi ya riƙa ƙetarar da masu naƙuda zuwa asibiti a kan lokaci. Ni kaina a bayansa na yi makaranta, a bayansa na samu jarin da ya kai ni Kano, daga Kano har nan. Duk wanda ya zagi injin nan a gabana sai mun yi faɗa.

Kuma na san dalilinka, ko da ba ka rubuto ba. Masu karatu da ba su san kogin Neja ba, bari in gaya musu. A wajenmu jirgin fito ba shi da ƙa'idar lokaci, kuma ba a hango shi daga nesa saboda ciyawa da kwane-kwanen ruwa. Da kunne ake sanin zuwansa. Kowane inji da muryarsa, mutanen gungu, wato mazauna tsibiran tsakiyar kogi, sun haddace su kamar muryoyin 'ya'yansu. Mace tana tsakar gida za ta ɗaga kai ta ce, "Ga na gidan Haruna nan, ku ɗaure kayan." Kafin jirgi ya iso gaɓa ta goya ɗanta, ta rufe ɗaki, tana tsaye tana jira. Jirgin da ba ya ƙara zai zo ya tarar da gaɓa fayau, ya wuce, na bayansa ya kwashe mutane. Wannan ne tsoronka, kuma ba tsoron banza ba ne.

Amma ka tuna yadda naka ya fara. Rediyo ce ta soma ƙara ƙarfi a ɗakinka. Sai "na'am?" ta yi yawa a bakinka. Mutane suka ce Haruna ya samu abin duniya ya daina amsa gaisuwa, alhali ba ka ji ba ne. A majalisa sai kowa ya gama dariya sannan ka fara taka, don ka ga bakuna a buɗe. Daga baya ka daina zuwa majalisar gaba ɗaya. Kai da ka fi kowa surutu a gidanmu, kai da ba a gama cin tuwo ba tare da ka tsokani wani ba. Ina kewar wannan Haruna, Yaya, kewa mai tsanani, ko da kana nan da ranka.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya tayar mini da maganar.

Takalma na zo saye a kasuwar Zhanxi Lu, da 'yan wandunan jins a kasuwar Xintang. Masaukinmu ɗaya da wata Hajiya Mariama, 'yar kasuwa daga Maraɗi. Wata rana bayan la'asar ta ga ina jan ƙafa, ta ce in zo mu hau jirgin kogin garin mu sha iska. Muka shiga muka zauna. Ni ina jiran a tayar da inji, har na ƙanƙame jakata ina shirin girgiza, sai na ga gine-gine suna ja da baya. Ashe mun daɗe da tashi.

Yaya, ba ƙara, ba hayaƙi, ba warin mai. Can ƙarshen jirgin wata tsohuwa tana ɓare lemo tana yi wa mijinta faɗa, kuma ina jin ta sarai, duk da ban san me take cewa ba. Sai kuma na ji ruwa yana lasar jikin jirgi. Rabona da jin wannan a cikin jirgi mai tafiya tun zamanin filafilin Baba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Hajiya Mariama ta dube ni ta ce, "Ke Saude, bato ne fa da ba shi shan gazwal, batiri ne ka tura shi. Kukan na mine ne?" Bato a bakinsu jirgi ne, gazwal kuma man dizal. Ni dai sai na ce mata iska ce ta shiga idona.

Bayan haka na bi ejan ɗinmu tashar jiragen ruwa kan maganar kwantenar takalmana. Ka ga jirage, Yaya? Ɗaya zai haɗiye kasuwar Yawuri da rumfunanta. Ejan ya nuna mini wani sabo mai manyan tankuna a bayansa, ya ce wannan iskar gas yake sha. Wasu kuma wani ruwa mai kama da sifirit, wai shi metanol. Har akwai waɗanda ake kafa wa dogayen allo a tsaye don iska ta taimaka wajen tura su. Na yi dariya na ce ashe masu ilimi sun zagaya sun dawo wajen iska. Ya ce, "Hajiya, small small ne fa. Yawancinsu har yanzu baƙin mai suke ƙonawa, amma duniya ta ce hayaƙin ya isa."

Na tambaye shi ko waɗannan sababbin ba sa ƙara. Ya ce suna yi mana, inji ne, hayaƙin ne dai ya ragu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Su damuwarsu sararin sama, kuma suna da gaskiya, don mu ma mun ga yadda damina ta rikice, ruwa ya riƙa cinye gonakin gungu ba a lokacinsa ba. Amma ban ji wanda ya ambaci mutumin da ke zaune dab da inji tun safe har yamma ba. Ana ta lissafin hayaƙin da ya hau sama, kunnuwan da suka mutu a ƙasa kuwa kowa ya tafi da nasa gida shiru. Ni 'yar kasuwar takalma ce, sararin sama ya fi ƙarfina. Kunnen ɗan yayana ne a gabana.

Don haka na nemi inda ake sayar da ƙananan injinan jirgi masu batir, na je. Mai shagon, da muke ce wa lawban, ya tsoma ɗaya a cikin tankin ruwa ya murɗa. Farfela tana juyawa, ruwa yana tafasa, ni kuma ina magana da shi ba tare da na ɗaga murya ba. Har sunkuyawa na yi na kara kunnena, ƙararsa ba ta wuce ta fankar ɗaki ba.

Ka san ni da tambaya, sai da na gajiyar da shi. Na nuna masa hoton jirginka shaƙe da buhunan albasa, na ce zai ja wannan ya haura ruwa lokacin da kogi ya cika? Ya kalli hoton, ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu. Na ji daɗin gaskiyarsa. Ya ce na fiton mutane ne da ɗan kayan hannu. Na ce ba mu da wuta, ya nuna mini faifan sola. Na ce idan hadari ya rufe rana fa, ya ce sai a yi haƙuri ko a ajiye batir na biyu. Na ce idan ya lalace wa zai gyara a Yawuri, sai ya hau sosa ƙeya.

Ka ga ban ɓoye maka komai ba. Ba cewa nake a jefa Mai Gyaran Murya a kogi ba. A mayar da shi cikin babban jirginka na kaya, ya yi aikinsa ranar kasuwa, ana karɓa-karɓa, kada mutum ɗaya ya dawwama a gindinsa. Na san kunnen wani ma kunne ne, shi ya sa nake so sauran masu jirgi su karanta. Amma fiton kullum, wanda Kabiru ke yi tun fitowar rana, a bar shi ya yi shi da na batir.

Za ka ce ai na taɓa aiko masa da abin toshe kunne irin na ma'aikatan manyan jirage. Na aiko. Ya sa na yini ɗaya ya rataye a ƙusa, ya ce mai jirgi da kunne yake gane lafiyar injinsa. Maganarka ce sak, har da yadda kake ɗaga gira. Abin da ke kashe masa kunnen shi aka ce ya riƙa saurara.

Maganar mutanen gungu kuwa, ba ni da cikakkiyar amsa. Hajiya Mariama ta ce a sa masa ƙaho. Lawban ya ce a riƙa kira a waya, bai san akwai gungun da sai an hau bishiya ake samun sabis ba. Ni dai na san mutanenmu ba a haife su da sanin muryar inji ba, koya suka yi, kuma za su koyi wani abin. Kafin su koya za a yi asara. Wasu za su koma jirgin wani, wasu za su yi wa Kabiru dariya su ce 'yar gidansu ta kawo masa abin wasan yara daga Sin. Ni zan ɗauki dariyar, ba yau na fara ba.

Na yi magana da shi kansa Kabiru, ina ta maimaita kowace jimla. Amsarsa ɗaya ce: "Gwaggo, abin da Baba ya ce." Ka yi masa tarbiyya, ba zai taɓa tsallake maganarka ba, ko da kuwa zai kurumce a kanta. Shi ya sa ban saya ba tukuna. Lawban ya ajiye mini shi a gefe har ranar da za mu rufe kwantena, kuma ranar ta matso.

Akwai abin da ban sa a saƙon farko ba, don ina jin nauyinka. Rakiya, matar Kabiru, ta kira ni. Ta ce 'yarsu Ummi, mai sunan Inna, ta fara magana. Kwanan baya Kabiru yana zaune a tsakar gida yana cin abinci, yarinyar ta tsaya a bayansa tana kiran "Baba, Baba", tana sake kira, bai waiwayo ba. Ba ta yi kuka ba. Sai ta zagayo gabansa, ta sa hannuwanta biyu ta kama fuskarsa ta juyo da ita, sannan ta buɗe baki sosai ta ce "Baba", yadda ta ga ana yi maka. Kabiru ya yi dariya ya ɗauke ta. Rakiya ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Ta ce kana zaune a wurin, Yaya. Ta ce ka gani, ka ajiye cokali, ka tashi ka fita.

Ni zato kawai nake yi game da abin da ake rasawa. Kai ka sani. Ba ka taɓa jin muryar Ummi ba. Muryata ma da ke cikin kanka ta budurwa ce, yanzu ta yi kauri ta shaƙe saboda ciniki, a nan dai ba ka yi asarar komai ba. Amma Kabiru yana da sauran abin da zai ji a duniya, kuma a hannunka yake. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ba sai ka ce na yi gaskiya ba. Ka kira shi gabanka ka gyaɗa masa kai, shi zai gaya mini.

Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka makwancinsu. Allah ya saka maka da alheri kan duk wanda ka ƙetarar lafiya, ya sa kunnen da ka bayar wajen ciyar da mu ya zama nauyi a mizaninka. Allah ya tsare masu tafiya a ruwa, na kogi da na teku. Kabiru kuma, Allah ya sa ya tsufa yana jin kiran salla da kunnensa, ba sai an zo an taɓa kafaɗarsa an nuna masa gabas ba.

Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka mai taurin kai, wadda a wajenka ta koya,
Saude
Guangzhou