Man da Ka Aiko wa Baba

Assalamu alaikum Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya tsare mana ku a inda kuke, ya sa wa neman da ya nisanta ka da mu albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Mama tana nan da hawan jininta, yau sauƙi gobe a kwanta, amma bakinta ras yake, ba ta fasa yi wa kowa faɗa ba. Auta ya samu aiki a shagon gilashin ido, yanzu kowa ya gani sai ya ce masa idonsa na da matsala. 'Yata ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗakina.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne saboda ka san yadda wayarka take a gidan nan. Kunnen Baba ya yi nauyi, da ka kira sai a buɗe murya kowa ya ji, shi kuma yana zaune kusa. Maganar da ke cina ba ta gabansa ba ce. Maganar Tsohuwa ce, motarsa, da man injin da ka aiko mata.

Ka san halin Baba da kyauta. Takalman da ka aiko suna cikin kwalinsu a saman sif, agogon ma ko gwadawa bai yi ba. Amma ranar da galan-galan ɗin nan suka iso, wallahi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sa Auta ya karanta masa rubutun jiki, ya ji cewa irin na zamani ne da ake kira sintetik, wanda ba ya saurin ƙonewa kuma yana wanke inji. Ya ɗiga a yatsa ya murza, ya daɗe yana kallo. Na ga ya ɗan yi shakka, don shi da ya yi rayuwarsa a tuƙi bai taɓa zuba wa Tsohuwa komai ba sai mai kauri, wannan kuwa ruwa-ruwa ne, garau kamar man girki. Sai kawai ya ce ashe yaron nan bai manta da ita ba. Washegari ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashinta da gwiwoyin nan nasa, ya yi mata juyen mai da hannunsa. Sai da muka kama shi sannan ya miƙe.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ƙarar injin ta yi laushi, da safe tana tashi ba gardama. Duk wanda ya zo wucewa sai Baba ya tare shi ya buɗe masa bonet, ya ce ɗansa ne ya aiko daga can. Ba a daɗe ba muka fara ganin ɗigo a simintin inda take kwana. Ɗigo ya zama tabo, yanzu kullum sai Mama ta sa an watsa yashi a wurin don kada yara su zame. Salansar motar kuma ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, har maƙwabciyarmu tana kwashe shanyarta in ta ji an tayar da mota.

Na lallaɓa na je gareji wurin Dogo, bakaniken da ka sani. Ya ce man ba shi da laifi, mai kyau ne, motar ce ta tsufa. Wai robobin da ke tare mai a cikin injin sun daɗe da bushewa, dattin da ya taru shekara da shekaru ne ya toshe tsagoginsu, sabon man ya zo ya wanke dattin, shi ya sa ta ɓalle da zuba. A ganinsa a juye shi a koma mai kauri. Abokin aikinsa ya ce a'a, akwai sintetik da aka yi musamman don motocin da suka ci hanya, wanda ke sa robobin su ɗan yi laushi su kumbura, shi ya kamata a saya. Suka yi ta musu a kaina har na rasa na kamawa. Abu ɗaya suka haɗu a kai: a canza robobin, a daina tafiya da ita a haka. In man ya tsiyaye a hanya ba a lura ba, injin zai buga, kuma injin irin nata ba a samunsa yanzu.

Na dawo na faɗa wa Baba cikin dabara. Bai ko ɗago ba. Ya ce ya san duk wannan tun kafin a haifi Dogo. Na ce to a kai ta a gyara. Ya ce in aka buɗe injin sai an zubar da man da ke ciki, kuma gari zai ɗauka cewa man ɗansa ne ya lalata masa mota. Ya ce ba a zubar da abin da ɗa ya aiko, kuma duk wanda ya gaya maka bai yafe ba. Ka ga inda na sa kaina da wannan takarda.

Yanzu kullum da safe sai ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa, ya ɗauko galan ɗinka ya cika abin da ya zube. Auta ya yi wayo ya ɗura mai kauri a cikin ɗaya daga galan-galan ɗin da suka ƙare, ya saka a layin sauran. Baba ya murza a yatsa kawai, ya ɗauki galan ɗin ya ajiye masa a ƙofar ɗaki. Mama ta yi faɗa har ta gaji, ta koma kuka.

Ba ƙarfen nake ji ba, Yaya. Ƙafafun Baba ba sa kai shi ko bakin titi yanzu. Da motar nan yake zuwa wurin tsofaffin abokan aikinsa, da ita yake kai Mama asibiti yana jin shi ma har yanzu mai gida ne. Ka tuna makon da motar ta kwana a gareji bara, ko abinci bai ci na kirki ba. In ta mutu, ya zauna ke nan, kuma na san Baba ba zai daɗe a zaune ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Na juya maganar ta kowace fuska ban ga mafita ba. In ka kira ka ce a juye, zai san ni na faɗa, kuma zai ji kunyarka, wadda ta fi masa ciwo. In ka aiko da irin na tsofaffin motocin, zai karɓa da murna, amma sai ya ƙarar da na farkon tukuna, kuma ban san ko za ta kai lokacin ba. Ban ce ka yi laifi ba, alheri ka nufa. Ni dai ban san abin da zan ce ka yi ba, na gaji ne da ɗauka ni kaɗai.

Mama tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara. Goggo da Kawu suna gaisuwa, haka Auta da maigidana. Ka gaishe min da Anti sosai. Baba ya shigo ɗazu ya tarar ina rubutu, ya tambaya wa nake rubuta wa, na ce kai. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa duk mai, ya ce in gaya maka Tsohuwa ba ta taɓa jin daɗi irin na yanzu ba, Allah ya yi maka albarka. Ya ce in da hali ka ƙaro irinsa sak, don galan na ƙarshe ya buɗe yau.

Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Ka sa mu a addu'a.

Taka ƙanwa,
Maman 'Yar Baba