Kirsimeti Ce Ta Shigar Da Ni Sutudiyo

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da na yi koyon aiki, a nan Gombe.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikata. Ban ambaci sunan tashar ba, don gyara nake nema, ba tonon asiri ba.

Ni ne Sadiƙu, dogon nan na unguwar Malam Inna da ake aika sayen masa. Aikin jarida na karanta, amma duk inda na nema sai a ce sai mai gogewa, kuma wanda bai haura shekara talatin ba. Ni kuwa ina bakin talatin ɗin. Shi ya sa na zo in yi muku aiki kyauta.

Na farko, wata da watanni mu 'yan koyo muna bencin baranda. Na haddace wanda ke son yaji a masarsa da wanda ba ya so, amma ban san maɓallin kunna makirfo ba. Da na yi magana, aka ce na'ura na da tsada. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Na biyu, ka san al'adar gidan: Musulmi su riƙe wa Kirista aiki da Kirsimeti, su kuma su rama da Sallah. Bara wanda ya saba riƙe wa Madam Rifkatu, mai haɗa sauti, yana kwance ba lafiya, ita kuwa tana son zuwa coci a Herwagana da 'ya'yanta. Sai ta ja ni ciki, ta koya mini na'urar tana yi mini faɗa kamar uwa. Ni na riƙe shirye-shiryen hutun nan duka, ba abin da ya ƙone.

Kwanan baya wata tasha ta kira ni gwaji. Ba su tsaya kan takardu ba, gaban na'ura suka zaunar da ni, na sarrafa ta tsaf. An ɗauke ni. Alhamdulillah, yanzu ina barci har da minshari.

Roƙona, ranka ya daɗe: a ware wa 'yan koyo rana a mako su shiga sutudiyo, a kuma yaba wa Madam. Akwai waɗanda na bari a bencin nan da shekarunsu ba za su jira rashin lafiyar wani ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ɗaukaka tashar.

Wassalam.
Sadiƙu, Malam Inna.