Kunnen Tantabara

4 ga Mayu

Zuwa ga Tela, kawun Tantabara,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da ƙanwarka.

Yau shekara biyu da wata uku ke nan da ka tsaya a ofishin kula da yara, gaban jami'ar ofishin, ka ce aron yarinya aka ba mu, ni da matata. Shekara huɗu muka riƙe ta uwarta na kwance a asibiti, aro shi ne godiyar da muka samu. Tun ranar na daina ɗaga wayarku, na ce duk abin da ya shafe ta a rubuta a littafin da ke cikin jakarta, ko wata rana za a nemi shaida.

Jiya ta dawo daga hutun mako uku a wajenku. Sau uku na kira ta daga ƙofar kicin, ba ta waiga ba. Da safen nan na ga ruwa rawaya mai wari a matashin kanta. Kwalbar maganin kunne na nan a aljihun jaka, ko murfin ba a fasa ba. Kafin ta tafi, a shafi na arba'in da ɗaya na littafin na rubuta: ɗigo uku, sau uku a rana, kada ruwa ya shiga, a mayar da ita asibiti ranar ashirin. Uwarta ta sa maki a ƙasa kamar kullum, alamar ta karanta.

Me kuka yi wa yarinyar nan? Matata ta kasa cin abinci.

Ka huta lafiya,
Hedimasta

6 ga Mayu

Baba Hedimasta,

Ina gaisuwa, ina gaida Mama.

Maganar aro ɓacin rai ne, ka yafe. Amma Baba, akwai abin da muka ɓoye maka. Ƙanwata a aji uku ta tsaya. Manyan baƙaƙe ma da ƙyar take haɗawa, balle rubutunka na haɗe, mai kama da zare ya sarƙe a keken ɗinki. Ni nake karanta mata, ta sa maki. Hutun nan na tafi ɗinkin yunifom wani gari. Tantabara ta gwada karantawa ta kasa. Uwar ta ga kwalba, ta rasa ko sha ake yi ko ɗigawa, ta ji tsoron yin kuskure. Ta kira ka sau huɗu. Maƙwabta kuwa ba ta nuna musu ba, kada magana ta kai ofis a ce ba ta iya riƙon 'yarta ba.

Sau biyu ta wanke mata kai, don ta koma muku fes, kada Mama ta ce mu ƙazamai ne.

Don Allah kada ka kai littafin ofis. In jami'a ta gani, daga gidajen biyu za a ɗauke ta.

Ɗanka,
Tela

7 ga Mayu

Tela,

Ina amsa gaisuwa. Na duba wayata, na ga kiran huɗun. Na tuna ina zaune a kujera ina kallonta tana ƙara har ta yi shiru.

Shekara talatin ina koyarwa, ina gane yaron da bai iya karatu ba tun daga yadda ya riƙe littafi. Ban gane ƙanwarka ba, don ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba.

Littafin ba zai je ofis ba. Litinin da ƙarfe tara za a gwada kunnen. Ka zo da uwarta ta ji da kanta. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Hedimasta

12 ga Mayu

Tela,

Ina gaisuwa. An ce aiki ya riƙe ka. Uwarta ta zo, ni da ita muka zauna a benci ɗaya, Tantabara a tsakaninmu. Na karanta mata takardar likita sau biyu, a hankali. Daga yau ta kira ni ko da yaushe, zan ɗauka.

Kunnen dama lafiyarsa lau. Kunnen hagu ba zai ƙara ji ba.

Ka huta lafiya,
Hedimasta