Jifan Jabuti Daga Kan Rufi

Litinin, 1 ga Afrilu

Takardar ta zo! Rundunar soja ta karɓi Jabuti na Huɗu, sabon samfurin oba-oban kamfaninmu. Oba-oba dubu biyu suke so, cikin shekara biyu. Na karanta a tsaye har sau uku, na fito cikin ma'aikata ina ɗaga ta sama kamar wadda ta ci caca. Ba wanda ya ko ɗago kai. Ashe yau ranar ƙarya ce, sun ɗauka zolaya nake. Sai da Seu Massao, babban injiniyanmu, ya karɓa ya leƙa hatimin ta saman tabarau, ya ce, "Gaskiya ce." Sannan ya yi dariya. Shekara ashirin ina ganin mutumin nan, sai yau na san yana da wushirya.

Aka ajiye aiki. Na aika aka kwaso burodin cuku da lemo, mu arba'in da ɗaya muna ci a tsaye muna ihu. Wata takwas sojoji suna jan abin nan cikin ruwa da laka a dajin Amazon, bai taɓa ɗauke murya ba.

Na Ɗaya zuwa na Uku na Baba ne, akwatunan ƙarfe masu nauyin bulo. Wannan nawa ne, ni na zana shi, har da gilashin da ke nuna taswira. Da yana raye... Bari dai, yau ba ranar kuka ba ce.

Laraba, 3 ga Afrilu

Taron masu hannun jari ran Asabar, 27 ga wata. Na fara rubuta rahoton shekara. Riba ta kusa ninka ta bara, ba a taɓa ganin irinta ba tun da Baba da abokansa suka kafa kamfanin. Amma dubu biyu ba za su fito daga hannun mutum arba'in da ɗaya ba. So nake a bar yawancin ribar a gida, a sayi sabon injin haɗa kaya, a ɗauki mutum goma sha biyu.

Otávio, ɗan ƙanin Baba, ya bugo kafin in gama shan kofi. "'Yar'uwa, tsofaffin nan sun daɗe suna jiran rana irin wannan. Raba musu abinsu, ki ba wani babban kamfani a São Paulo aikin haɗawa, mu miƙe ƙafa." In muka yi haka, nan da shekara biyar sai dai mu koma masu manna sunanmu a kayan wasu.

Ni kashi talatin cikin ɗari na hannun jarin gare ni, shi ma talatin. Sauran arba'in na tsofaffi ne, su kuwa duk inda Seu Valdomiro ya sa ƙafa nan suke sawa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na je gidan Seu Valdomiro da takarduna. Shekararsa tamanin da ɗaya, shi ya haɗa oba-obanmu na farko da hannunsa. Na same shi yana ba tsuntsayensa gero. Na shimfiɗa masa lissafi, ya ɗora kofin kofi a kai.

"'Yar Anacleto, bana za a jefa?"

Na sani, na sani za a zo nan. Shekara talatin da ɗaya, duk ranar taro Baba yakan hau rufin ma'aikata da oba-oba biyu, ya jefo ɗaya tsakar gida. Seu Valdomiro ya ɗauka ya latsa ya kira shi, Baba ya amsa daga sama, sannan a shiga a kaɗa ƙuri'a. Rahotonsa ke nan, sauran duk cin nama ne. Bara, shekarata ta farko a kujerar shugabancin kamfanin, na ce mun wuce wannan wasan yara, na kawo majigi. Mutum huɗu suka yi barci. Suka ɗaga mini hannu don kunyar Baba, suka ci suka watse.

Na ce, "Seu Valdomiro, sojoji sun gwada shi wata takwas."

Ya ce, "Sojoji ba su da hannun jari." Ya ƙara wa tsuntsu gero. "Bara na ɗaga hannu saboda mahaifinki. Bana kuɗina kike so in bar miki. To, in gan shi ya sauko daga sama tukuna."

Ya cika mini jaka da lemon zaƙin bishiyarsa. Tsohon nan! Ba ya ma bari mutum ya yi fushi da shi yadda ya kamata.

Talata, 9 ga Afrilu

Na tambayi Seu Massao. Ya ce abin da soja suka nema faɗuwa daga mita ɗaya da rabi ne, mun yi ta fiye da sau ɗari, ko gezau. Rufin kuwa mita tara ne.

"Zai tsira?"

"Dona Zuleica, don sojan ƙasa na ƙera shi, ba don tsuntsaye ba."

Na ce mu gwada ɗaya a ɓoye. Ya dube ni kamar na ce mu saci kwanon baikon coci. Wai Anacleto bai taɓa gwadawa kafin ranar ba.

Da aka tashi cin abincin rana na zagaya baya na taɓa tsanin hawa rufin. Duk tsatsa. Na kai mataki na shida na duba ƙasa, na sauko. Ba wanda ya gan ni. Ina fata.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Na gama shirya majigi, shafi arba'in da biyu. Sun yi kyau ƙwarai. Ba wanda zai kalle su.

Alhamis, 18 ga Afrilu

An kawo kwalayen farko na kayan haɗi, har ƙofa suka toshe. Ƙamshin sabon kwali kawai ya sa ni waƙa a ofis.

Otávio ya zo da alewar gyaɗa, ya zauna a gefen teburina kamar lokacin muna yara. Ba mugu ba ne, shi ya sa nake jin haushinsa. Ya ce, "Zamanin Baffa ba mai waya a aljihu. Yanzu jikokin tsofaffin nan duk za su ɗauki hoto. Ya tarwatse a gaban mutane, kafin ki sauko daga tsani ya zagaye gari. Me za ki ce wa kanar ɗin da ya sa hannu a kwangilar?"

Na cinye masa alewar duka.

Ba zan jefa ba. Na yanke shawara. Kamfanin kayan tsaro ne, ba wasan kasuwa ba.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na shiga ofishin Baba neman wata tsohuwar takarda. Har yau ban koma aiki a ciki ba, ina nan a ɗan ɗakina na kusa da matakala. Kujerarsa na nan, da hularsa. A kan kanta oba-oba talatin da ɗaya a jere, kowane da shekararsa manne a jiki. Duka da busasshiyar laka, jajir. Ko gogewa bai taɓa bari a yi ba.

Na manta takardar da na je nema.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Kai! Dole in rubuta wannan yadda ya faru.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma na fita duba rumfar taro. Sai ga Dona Ercília a tsakar gida riƙe da tiyo. Matar marigayi Seu Lindolfo ce, abokin Baba, ita ta gaji kashi ukunsa, ita ce kuma mai suyar ƙosan masara duk ranar taro. Tana ta malala ruwa a wani fili kusa da bishiyar mangwaro, inda ko ciyawa babu. Wurin ya yi caɓal.

Na ce, "Dona Ercília, me kike shukawa?"

"Wurin saukar Jabuti mana. Bara kin hutar da ni, har tiyon ya bushe."

Ta ce shekara talatin da ɗaya ita ke jiƙa wurin nan jajibirin taro, har mijinta yakan sassaƙe ƙasar da fartanya. Baba ya san daidai inda zai auna.

"To, ai yaudara ce! Seu Valdomiro ya sani?"

Ta yi dariya har tiyon ya jiƙa mini takalmi. "Shi ya sayi tiyon, 'yata."

Na ce to mene ne amfanin abin, in kowa ya sani? Ta rufe famfo ta goge hannu a riga. Abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe: "Mu ba mu iya karanta zanenki mai hawa da sauka ba. Amma mun iya kallon mutum. Wanda ya riƙe mana kuɗi, muna so sau ɗaya a shekara ya hau can sama, gabansa na faɗuwa, ya saki abinsa a gaban idonmu. Mahaifinki ma tsoron tsanin nan yake, sai ya sha ɗan abin sha kafin ya hau."

Baba! Da ƙirjinsa a gaba kamar zakara.

Ban ce zan hau ba. Na dai ce wa Seu Massao ya yi cajin guda biyu, ko da wani zai so gani.

Asabar, 27 ga Afrilu



Mutum ashirin da uku masu hannun jari, da 'ya'ya da jikoki, da ma'aikata, tsakar gida ta cika. Hayaƙin gasasshen nama, Dona Ercília na ta tsamo ƙosai. Na yi majigina. Na taƙaita shi zuwa shafi tara: ga abin da muka samu, ga kwangila, ga abin da nake roƙo. Mutum ɗaya kawai ya yi barci. Da na gama, kowa ya juya yana kallon Seu Valdomiro, shi kuma yana kallon rufi.

Na cire takalmi mai tsini. Seu Massao ya rataya mini guda biyu a wuya, ya riƙe tsanin. Ban duba ƙasa ba sai da na ji kwano a ƙarƙashin gwiwata. Daga can ana hango rabin garinmu São José, har da duwatsu. Ban taɓa sani ba. Ƙasa kuwa wayoyi ne a ɗage kamar yadda Otávio ya faɗa, ga kuma ɗan wurin Dona Ercília, baƙi, bai fi faifai ba a idona.

Wani ya yi ihu, "Saki, 'yar Anacleto, nama na hucewa!"

Na auna lakar. Na saki.

Bai faɗa a laka ba. Kan daɓen siminti ya sauka, ƙwas! ya yi tsalle, ya wuntsila ya shige ƙarƙashin teburin lemo. Dona Ercília ta ɗora hannu a ka. Ba mai motsi. Ni dai na ce shi ke nan, na kashe kamfanin Baba da hannuna.

Seu Valdomiro ya taka a hankali da sandarsa, ya sa aka zaro masa. Ya juya shi, ya ɗaga wa mutane: gilashin ya tsage gida biyu. Ya hure ƙurar. Ya latsa.

Wanda ke wuyana ya yi ƙara, sai muryarsa tar, kamar yana gefena.

"Dona Zuleica, kina ji na?"

Tun ina cikin zanin goyo yake ce mini 'yar Anacleto.

Na latsa. Na ce, "Ina jin ka, Seu Valdomiro."

"To sauko, gilashinki ba shi da ƙwari. Ki sayi injin, ki gyara shi."

Ihun da aka yi, na tabbata an ji shi a babban titi. Saukowa ta fi hawa wuya, sai da ma'aikata biyu suka taro ni. Aka kaɗa ƙuri'a da ƙosai a hannu: kashi saba'in. Otávio bai ɗaga ba, amma ya rungume ni ya ce, "Mahaukaciya. A turo mini hoton, kanar zan aika wa da kaina." Har rawa aka yi. Seu Massao ma ya ɗan girgiza kafaɗa.

Kowa cewa yake da gangan na auna siminti, wai na fi Baba zuciya. Ban ƙaryata ba. Hannuna ne ya yi rawa. Ina jin dai hannuna ne.

Litinin, 29 ga Afrilu

An aika takardar sayen inji. Sanarwar ɗaukar ma'aikata ta fita. Seu Massao ya zo da samfurin gilashi iri uku, ya ce wanne? Na ce wanda zai jure mita tara a kan siminti. Ya ce soja ba su nemi haka ba. Na ce na sani.

Na sa a kira mai walda ya canja tsanin. Don lafiyar masu gyaran kwano ne kawai.

Na kai Jabuti na Huɗu ofishin Baba, na manna masa shekara, na ajiye shi a ƙarshen layi. Shi kaɗai ne ba laka. Na ɗan zauna a kujerar don in huta ƙafa, sai ga shi har aka tashi aiki a nan na yi komai. Hasken ɗakin ya fi, shi ke nan.

Dona Ercília ta bugo tana tambaya ko ta ba jikanta tiyon, tunda ba ni da bukata. Na ce ta ajiye mini shi.