Ƙaramar Ƙofar Filin Kwaleji

Zuwa ga Maman yara,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidan. Yaya jikin nata? Kin ce ta fara tashi zaune da kanta, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Auta ce ke yi mana girki, kuma ba zan ce komai a kan gishirinta ba, tunda ita za ta kai wa direba wannan wasiƙa.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Akwai maganar da in na kara waya a kunne sai ta maƙale mini, in ƙare da tambayar ki inda kika ajiye almakashi. Shi ya sa na zauna na rubuta.

An kawo mana sabuwar mai kula da wasanni a kwaleji. Mace ce gajeruwa, ba ta girmi babbar 'yarmu ba. Ɗalibai suna ce mata Mai Usur, don ko ofishin shugaba za ta shiga usur ɗin yana wuyanta. Ranar da ta zo mun zagaya filin tare, ta duba ciyawa, ta yaba layukan da nake ja, sannan ta tsaya a ƙaramar ƙofar nan ta baya, ta tambaye ni yaushe rabon da a buɗe ta. Na ce shekarata ashirin da shida ina kula da filin nan, ban taɓa ganin ta a buɗe ba. Ta ce kwalejin don mutanen unguwa aka gina ta, amma ta ba su baya kamar maƙwabcin da ake gaba da shi.

Ga abin da aka yanke. Daga ranar Litinin zan riƙa buɗe ƙofar ƙarfe huɗu. Yaran unguwa su shigo su yi gudu da ƙwallo, ɗalibanmu su horar da su, daga nan a shiga aji a taya su aikin makaranta. Shugaba ya sa hannu.

Kwaɗon ya ci tsatsa, sai da na jiƙa shi da mai kwana biyu. Amma ba kwaɗon ne damuwata ba. Kin san rabin aikina a shekarun nan korar yaran nan ne. Kuma kin tuna yaron da ya faɗo daga katangar, shekara ashirin da biyu ke nan. Shi ne mai waldan da shagonsa ke kallon ƙofar, mai ɗingishin nan. Da ƙofar tana rufe, ba na ganin sa, ba ya ganina. Yanzu kullum da yamma za mu haɗa ido.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ina yi mata addu'a. Ki kula da bayanki wajen ɗaga ta.

Naki,
Baban yara

*

Maman yara,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na ji daɗin jin cewa Inna ta taka har bakin ƙofa. Maganin tarin da kika ce in sha ina sha, ki tambayi Auta.

Na buɗe ƙofa kamar yadda aka ce. Sati guda cur ba wanda ya shigo. Ɗalibai goma sha biyar sanye da kayan wasa suna tsaye a rana, yara kuma suna can tsallaken titi suna leƙenmu, da na ɗaga hannu sai su watse. Har na ce wa Mai Usur wataƙila fuskata ce, a sa wani a ƙofar. Ta yi dariya ta ce fuskata ba ta kai haka muni ba.

Ranar Juma'a ta fita da kanta ta bi gida-gida. Matan layin suka faɗa mata abin da ni na sani tun tuni ban taɓa kai wa sama ba: duk ruwan da ya sauka a filinmu ta ƙarƙashin katanga yake bi, ya cika kwatar da ta toshe, ya shiga musu ɗakuna. Wata tsohuwa ta nuna mata shaidar ruwa a bangon ɗakinta, har gwiwa.

Washegari ta kwashe ɗalibai kaf, masu gudu da masu ƙwallo, ta karɓi shebur da baro a wurina, muka shiga kwatar. Ba zan kwatanta miki warin ba. Wani ɗalibi mai ji da kansa ya zame ya zauna a ciki, unguwa ta yi ta dariya, shi ma da ya rasa abin yi ya taya su. Ina jin dariyar nan ta fi takardar shugaba aiki. Kafin rana ta take mata sun fara fito mana da ruwan wanke hannu, samari biyu sun karɓi shebur. Asabar uku muka yi kafin ruwa ya samu hanya.

Yanzu yara sun fi sittin. Ciyawata tana shan wahala, amma ban san haka filin yake da daɗin kallo ba in ya cika.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu, siririya, ba ta magana. Ranar farko ta cire silifa ta wuce maza biyu da suka girme ta. Ɗalibai suka sa mata Walƙiya. Wata ɗalibar aikin jinya, Doguwa suke ce mata, ita ta ɗauke ta. Ta gano yarinyar ba ta iya rabawa ba a lissafi, tana ɓoyewa, sai ta riƙa koya mata da tsawon fili da lokacin gudunta. Ta taga nake hango su, kai biyu a kan littafi ɗaya.

Shekaranjiya mai walda ya tsallako titi. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kira yarinyar, sai a lokacin na san 'yarsa ce. Mai Usur ta fito tana ba shi haƙuri, ya ce mata ba shi da matsala da ita ko da ɗalibanta, ya ga aikin da suka yi a kwata. Amma muddin mutumin nan ke riƙe da makulli, jininsa ba zai ƙara bin ƙofar nan ba. Bai kalle ni ba yana faɗa. Yarinyar ta ɗauki silifanta ta bi shi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Barci ya yi mini wuya kwana biyun nan. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki

*

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa jiki ya ci gaba da kyau. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki ba kowa ya karanta miki.

Na je wurin Mai Usur na ce a mayar da ni babbar ƙofa, ko a sallame ni, shekara biyu suka rage mini in yi ritaya ko ta yaya. Ta ce za ta iya, amma in na tafi mai walda zai ci gaba da kallon ƙofar da abin da ke ransa, ni ma in tafi da nawa. Ta ce ita ɗalibanta take koya wa su shiga unguwa su saurari mutane, ba za ta ce ni in gudu ba. Yarinya sa'ar 'yata, amma gaskiya ta faɗa.

Sai na je shagonsa. Ranar farko na yi sallama, ya amsa ciki-ciki, ya sauke gilashin fuskarsa ya ci gaba da aiki. Na zauna a benci har lokacin buɗe ƙofa ya yi. Rana ta biyu ma haka. A ta uku ya kashe injin ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce na zo neman afuwa a kan ƙafarsa.

Ya ce, “Ƙafa ni na hau katanga, ni na faɗo. Ba ita ba ce. Ka leƙo ka gan ni a ƙasa, mun haɗa ido, ka koma.”

Maman yara, abin da ban taɓa gaya miki ba ke nan. Na ce miki na kore shi ya gudu, sai washegari na ji ya karye. Ba haka aka yi ba. Ƙwallonsa ce ta faɗo ciki, ya hauro ɗauka, na daka masa tsawa na bi shi da sanda. Ya kama katanga, ya faɗa ta waje. Na ji ƙarar. Na taka bulo na leƙa, na ga ƙafar ta juya inda ba a juyawa. Makullin ƙofar yana aljihuna, taku goma ne tsakaninmu. Sai na tuna ina sabon samun ƙarin girma, kina ɗauke da cikin na uku, in aka ce ni na jawo za a kore ni. Na sauko na koma na ci gaba da ba ciyawa ruwa. Ya ce ya fi awa biyu a wurin kafin wani mai keke ya gan shi, kuma a lokacin burinsa a duniya ya zama ɗan tsere.

Ban kare kaina ba, don ba ni da abin karewa. Na ce masa duk abin da ya faɗa haka ne, tsoro ne ya sa, kuma tsoron bai wanke ni ba. Na ce ba na roƙon ya yafe yau, amma kada yarinyar ta biya abin da ba ta ci ba. In yana so, duk lokacin da za ta shigo zan bar ƙofar in koma can ƙarshen fili.

Ya daɗe yana juya wani guntun ƙarfe a hannu. Daga baya ya ce Doguwa tana zuwa gidansu kullum da yamma tun ranar da ya hana yarinyar, tana zama da ita a tabarma suna lissafi, ba wanda ya aiko ta. Ya ce shi wannan ne ya ɗaure masa kai. Ya kunna injinsa, na gane an sallame ni.

Shekara ashirin da biyu ina kwana kusa da ke da wannan a cikina. Ban san da wane ido za ki kalle ni ba. Duk abin da kika ce, na karɓa.

Naki har kullum,
Baban yara

*

Maman yara,

Gaisuwa ta musamman, tare da murnar jin likita ya ce Inna ta warware. Na gode wa Allah, na gode miki.

Wasiƙarki layi shida ce, na karanta ta ya fi sau ashirin. Ashe kin sani. Ashe mahaifiyar mai walda ta tare ki a bakin famfo tun a satin da ya faɗo, kika haɗiye, kika riƙa aika musu da abin da ya samu a ɓoye, kina jira in faɗa da bakina. Kin ce kin gaji da jira amma ba ki fid da rai ba. Ban san ko kunya ta fi yawa a raina ko godiya ba. Sauran maganar sai kin dawo.

Bari in ba ki labarin Asabar. An yi gasar unguwa, ta farko a tarihin kwalejin. Tun da safe na ja layi takwas, ban taɓa jan masu kyau irinsu ba. Iyaye sun cika benci, masu shaguna sun rufe, tsohuwar nan mai shaidar ruwa a bango aka ba ta raba kyaututtuka, ta ce ita sai an ba ta usur ma. Ɗaliban jinya sun kafa tebur suna auna jinin manya kyauta, layinsu ya fi na masu tsere tsawo.

Ana saura kaɗan a fara tseren 'yan mata sai ga Walƙiya, Doguwa na riƙe da hannunta. Na juya zan koma ƙarshen fili kamar yadda na yi alkawari, sai na hango uban a bayansu. Ya rako ta har bakin ƙofa ya tsaya daga waje, ya dafa ƙarfen. Daga nan ana ganin fili sarai, amma na lura yana ta sauya tsayuwa, ƙafar ba ta ɗaukar doguwar tsayuwa.

Na shiga ɗakin kaya na ɗauko kujerata, na fita da ita waje na ajiye a gefensa. Ya kalle ta, ya kalli fili. Na ɗauka zai bar ta a nan. Sai da aka kira 'yan tsere layi sannan ya zauna.

Ta zo ta biyu. Wata mai shekara goma sha huɗu ta wuce ta da taku ɗaya, Walƙiya ta fashe da kuka, Doguwa ta rungume ta tana nuna mata agogo, wai ta fi gudunta na baya. Ni duk ban san na matsa gabansa ba, ina ta ɗaga hannu kamar jikata ce, sai na ji murya a bayana.

“Baba, ɗan matsa, kana tare mini.”

Na matsa. Iyakar abin da ya ce mini ke nan ranar. Ba zan ce miki ya yafe ba, don bai ce ba, kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Amma ya zauna har aka gama tseren maza, kuma da zai tafi shi ya ɗauki kujerar, ya shigo da ita ciki da ƙafarsa, ya jingina ta da bangon ɗakin kaya.

Ki sanar da ni ranar da za ki taso, in roƙi rabin yini in tarye ki a tasha. Ki gaida Inna da ƙannenki. Auta tana gaishe ki, ta ce ki yi sauri.

Mijinki mai jiran ki,
Baban yara